Ɗan Wasa Mai Tasowa: Yadda Ake Bibiyar Matasan 'Yan Ƙwallo a Tamale

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tana cikin jerin takardun da ake ba ɗaliban Hausa domin su saba da harshen kamar yadda ake sarrafa shi a fannonin rayuwar yau da kullum. Fannin da aka ɗauka a wannan karo shi ne wasanni. Za mu bar manyan 'yan wasan da kowa ya sani, mu koma kan waɗanda ba su kai ba tukuna, wato yaran da ke buga ƙwallo a ƙananan ƙungiyoyi, da kuma mutanen da suka ɗauki bibiyarsu tamkar sana'a, suna lissafin wanda zai fito da wanda zai shuɗe ba a ji ɗuriyarsa ba.

An zaɓi Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, saboda dalilai biyu. Na farko, gari ne da ake jin Hausa a cikinsa. Asalinsa garin Dagombawa ne, harshen gida kuwa Dagbani, amma Hausa ta daɗe da zama harshen zango da kasuwa, musamman tun bayan da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa fataken goro, Turawan Ingila kuma suka mayar da hedikwatar mulkinsu ta arewa Tamale a 1907. Na biyu, gari ne da ya fitar da 'yan ƙwallo masu suna duk da nisansa da inda kuɗi da idon duniya suke. Tsakaninsa da Akra, wadda Hausawan zango ke kira Ankara, kusan kilomita 600 ne a mota.

Abin da takardar ke son nunawa shi ne, gane hazaƙar yaro a fili shi ne mafi sauƙi a wannan aiki. Mai wuyar shi ne sanin tsanin da yaron ke takawa: wa ya kafa shi, wa ke riƙe da shi, kuma ina matakalarsa ta ɓalle.

2.0 Kalmar "mai tasowa"

Kafin mu shiga fili, ya kamata ɗalibi ya tsaya kan kalmar da ke cikin taken takardar. "Taso" ya fito ne daga "tashi", kuma yana cikin aji na shida na aikatau bisa rabon da Parsons ya yi a 1960, wato ajin da ke ƙarewa da wasalin -o, mai nuna cewa aikin ya nufo wajen mai magana. Haka "fita" ke zama "fito", "shiga" ya zama "shigo", "koma" ya zama "komo". Idan aka ce yaro "mai tasowa" ne, ke nan ana nufin yana tafe zuwa inda muke, mu manya ko mu 'yan kallo, amma bai iso ba. Ingilishi yana da suna guda ɗaya ga irin wannan yaro, wanda tushensa hange ne, masu haƙar zinariya ma da danginsa suke kiran aikinsu. Hausa ta bi ta hanyar tafiya, Ingilishi ya bi ta hanyar haƙa. A ganina ta Hausa ta fi gaskiya, domin mai tafiya yana iya tsayawa a hanya.

Akwai wasu kalmomi da ɗalibi zai riƙa cin karo da su a rediyo da jaridu. Ana cewa "sabon jini" ga matasan da aka shigo da su ƙungiya. Ana cewa ƙungiya tana "zawarcin" ɗan wasa idan tana neman sayensa, an aro kalmar daga neman auren bazawara, macen da ta taɓa aure, kuma aron ya zauna daidai tunda ɗan wasan yana da gidan da zai baro. Ana "cefanar" da shi, ana ba da shi "aro", ana ajiye shi a "benci". A lura da yawan kalmomin kasuwa a cikin wannan jeri. Za mu ga dalili nan gaba.

3.0 Gandun Amurkawa

Domin a fahimci abin da babu a Tamale, yana da kyau a ga inda yake. Babu ƙasar da ta tsara bibiyar masu tasowa kamar Amurka a wasanta na besbol, wasan da mutum ɗaya ke jefa ƙaramar ƙwallo, wani ya doke ta da kulki ya zagaya fili a guje. Manyan ƙungiyoyin wasan 30 ne. Ƙarƙashin kowace akwai ƙananan ƙungiyoyi huɗu a garuruwa dabam-dabam, jimilla 120 tun gyaran da aka yi a 2021, ban da rukunin sababbin shiga. An jera su hawa-hawa. Babbar ƙungiya ce ke ɗaukar yaro, ita ke biyan albashinsa, ita ke cewa yau ya hau mataki na gaba ko ya sauko. Branch Rickey na ƙungiyar St. Louis Cardinals shi ya gina wannan tsari a shekarun 1920, saboda ƙungiyarsa ba ta da kuɗin sayen gwanayen da suka riga suka nuna, sai ya ga gara ya shuka nasa. Amurkawa da kansu "gona" suke kiran tsarin. Bahaushe zai ce gandu, tunda mai gida ɗaya ne, rumbu ma ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙo shi ne rubutu. Kowace jifa da kowane duka ana rubuta su, kuma kowa yana iya dubawa. Masu farautar 'yan wasa suna auna yaro kan abubuwa biyar: iya samun ƙwallo da kulki, ƙarfin dukan, gudu, iya tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Kowanne suna ba shi maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin daidai da matsakaicin ɗan wasa a babbar gasa. Mujallar Baseball America tana fitar da jerin masu tasowa 100 da suka fi fice kowace shekara tun 1990. Lokacin da nake karatu a can na sha ganin dattawa a filin wasan ƙaramin gari, kowa da fensir da takarda, suna cike jadawali kan yaron da wataƙila baɗi ba ya garin. Suna yi ne don wata rana su ce sun gan shi tun ba a san shi ba.

Duk da wannan tsari, mafi yawan yaran ba sa kaiwa, waɗanda suka kai ma sukan daɗe. Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu, ya sa hannu da Pittsburgh Pirates a 2008, bai buga babbar gasa ba sai watan Afrilun 2017, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya yi hakan. Sama da shekara takwas ke nan yana yawo a ƙananan garuruwa. Amma a duk tsawon lokacin nan an san inda yake, an san matakin da yake, an san wanda ke da alhakinsa. Wannan shi ne abin da za mu riƙe a zuciya idan muka koma Tamale.

4.0 Matakan ƙwallo a Tamale

A takarda, ƙwallon ƙafa a Gana ma hawa-hawa ne. A sama akwai gasar Firimiya mai ƙungiyoyi 18. Ƙarƙashinta akwai gasar da ake kira Rukuni na Ɗaya, kuma a nan ɗalibi ya yi hattara, domin sunan yana ruɗarwa: ita ce mataki na biyu. An raba ta shiyya uku, ƙungiyoyin Tamale suna shiyya ta ɗaya tare da na sauran arewa da na yankunan Bono. Sai Rukuni na Biyu da na Uku, waɗanda hukumomin yanki ke gudanarwa. Can ƙasa kuma akwai ƙwallon yara da mutanen Gana ke kira "kolts", kalmar Ingilishi ce mai nufin 'yan duƙushi, inda ake raba yara bisa shekaru har zuwa 'yan ƙasa da 17.

Bambancin shi ne babu mai gandu. Ƙungiyar kolts a Sakasaka ko Aboabo ko Lamashegu ta fi kama da gayauna: mutum ɗaya ne, sau da yawa malamin makaranta ko tela ko tsohon ɗan wasa, ya tara yaran unguwa, ya sayi ƙwallo da riguna daga aljihunsa, wani lokaci har da kuɗin koko. Filin da suke bugawa jar ƙasa ce ba ciyawa, irin wanda ake kira "sakora" a Gana, kalmar da suke faɗa wa kan da aka aske ƙwal. Da rani iskar hunturu ta cika shi da ƙura, da damina ruwa ya yi masa kwari. Babu mai rubuta yawan ƙwallayen da yaro ya ci, sai dai abin da kocinsa da 'yan kallo suka riƙe a ka. Saboda haka bibiyar mai tasowa a Tamale aikin baka ne: ana yin sa a bakin fili, a teburin mai shayi, a shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon gari, yanzu kuma a WhatsApp da Facebook, inda ɗan guntun bidiyo na daƙiƙa 30 kan yi wa yaro abin da kakar wasa guda ba ta yi masa ba. Wannan yana da amfani, yana kuma da illa, domin bidiyo yankan da ya yi kyau kawai yake nunawa, ba ya nuna mintuna 80 da yaron ya yi yana tafiya a fili.

Ƙungiyar da ya kamata ta zama ƙololuwar wannan tsani ita ce Real Tamale United, wadda aka kafa a 1976, cikin waɗanda suka kafa ta har da Alhaji Aliu Mahama, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009. Babban filin wasan da aka gina a garin domin Gasar Cin Kofin Afirka ta 2008, mai ɗaukar kimanin mutum 20,000, sunansa aka sa masa a 2017. Shekaru da dama RTU, kamar yadda ake taƙaita sunanta, ita ce fuskar arewa a babbar gasa, tana karɓar baƙi a tsohon filin Kaladan. Amma ta faɗi daga Firimiya a 2013, ba ta komo ba sai 2021, ta sake faɗuwa a 2024. Tamale City ta hau a 2022, ta sauko a 2023. Idan ƙungiyar da ke sama tana hawa tana sauka haka, yaron da ke ƙasa ba zai dogara da ita ba, kuma iyayensa sun sani.

A kan wannan sai a ƙara abin da ya faru a 2018, lokacin da fim ɗin binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas kan cin hanci a harkar ƙwallo ya sa aka rusa shugabancin hukumar ƙwallon ƙasar, gasa ta tsaya. An zaɓi sabon shugabanci a Oktoban 2019, aka fara sabuwar kaka, sai annobar korona ta sa aka soke ta a 2020. Babban ɗan wasa zai iya jure asarar shekara biyu. Ga yaro mai shekara 16 kuwa, su ne shekarun da ake ganin mutum ko a wuce shi.

5.0 Hanyoyi uku

Idan aka duba waɗanda suka fito daga Tamale suka yi suna, za a ga ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma hanyoyin suna nuna yadda zamani ya sauya.

Tsohuwar hanya ita ce ta Abedi Ayew, wanda duniya ta sani da Abedi Pele. Ba a Tamale aka haife shi ba, amma a nan ya yi makarantar sakandare, a nan kuma RTU ta ɗauke shi. Daga RTU aka kira shi ƙungiyar ƙasa, yana da shekara 17 aka ci Kofin Afirka da shi a Libiya a 1982. Wato unguwa, makaranta, ƙungiyar gari, ƙungiyar ƙasa, sannan waje. Sai dai masu ba da labarinsa sukan tsallake tsakiyar. Bayan 1982 ya je Katar, ya buga a Jamhuriyar Benin, a 1985 kuma ya komo RTU. Duk wanda ke bibiyarsa a wannan shekara zai iya cewa yaron ya gama, ya je ya dawo hannu rabbana. A 1986 ne ya samu shiga Niort, ƙungiyar mataki na biyu a Faransa, daga nan hanya ta kai shi Marseille, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993, ya ci Kofin Zakarun Turai a 1993. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A harkar ƙwallo Laraba takan yi kyau, Alhamis ta ɓaci, kuma ba a san yadda Juma'a za ta kasance ba sai ta zo.

Hanya ta biyu ita ce ta makarantar ƙwallo. Abdul Majeed Waris, haifaffen Tamale a 1991, bai yi suna a wata babbar ƙungiyar Gana ba. Tun yana yaro makarantar Right to Dream ta ɗauke shi, wadda Tom Vernon, Bature ɗan Ingila, ya kafa a 1999. Daga nan ya tafi karatu da wasa a Ingila, sai ƙungiyar Häcken ta Suwidin, inda a 2012 ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar da ƙwallaye 23, biyar daga ciki a wasa ɗaya. Ya je Kofin Duniya na 2014 da Gana. Wannan makaranta, da ke kudu, ita ce abu mafi kama da gandun Amurkawa a Gana, musamman tun da masu ita suka sayi ƙungiyar Nordsjælland ta Denmak a ƙarshen 2015. Yanzu yaro yana shiga yana ɗan shekara 11 ko 12, ana ba shi ilimin boko da na ƙwallo, idan ya cika 18 kuma ya cancanta, ƙofar Turai a buɗe take a gida ɗaya. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Akra, inda Hausa ce harshen titi, ta nan ya bi zuwa Ajax a 2020 da West Ham a 2023. Aibin wannan hanya ga mutanen Tamale shi ne ba sa ganin yaronsu yana girma. An ɗauke shi kafin ya yi gemu, sai dai su gan shi a talabijin. Kuma ƙofar ƙunci gare ta, yara kaɗan ake ɗauka cikin ɗimbin da ake gwadawa.

Hanya ta uku ta fi ban sha'awa ga mai bibiya, domin a gaban idonsa ta faru. An haifi Abdul Fatawu Issahaku a Tamale a watan Maris na 2004. Ya taso a makarantar ƙwallo ta Utrecht da ke garin, a 2019 ya shiga Steadfast, ƙungiyar Rukuni na Ɗaya, wato mataki na biyu. Kakarsa ta farko ita ce wadda korona ta katse. A farkon 2021 aka tafi da shi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Muritaniya, yana cikin mafi ƙanƙanta a tawagar. Ya ci Tanzaniya wata ƙwallo daga nesa da ƙafar hagu wadda ta zagaya wayoyin mutane, Gana ta doke Yuganda da ci 2 da nema a wasan ƙarshe, aka zaɓe shi gwarzon gasar. A shekarar aka kira shi babbar ƙungiyar ƙasa alhali bai taɓa buga Firimiyar Gana ba. Daga nan aka ba da shi aro ga Dreams, ya buga Firimiya na ɗan lokaci, a 2022 ya koma Sporting ta Fotugal.

Me ya sa ya tsaya a Dreams, tunda ƙungiyoyin Turai sun riga sun fara zawarcinsa? Amsar tana cikin dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin musayar 'yan wasa, wanda ya hana a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar idan iyayensa sun ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Fatawu ya cika 18 a Maris na 2022. Wanda bai san wannan doka ba zai ɗauka an yi watsi da yaron ne, wanda ya sani kuwa kalanda yake kallo. A Sporting ma bai samu wuri sosai ba, aka ba da shi aro ga Leicester ta Ingila a 2023, lokacin tana mataki na biyu. Can ya buɗe, ya ci Southampton uku rigis a Afrilun 2024, ƙungiyar ta hau Firimiya ta saye shi. A Nuwamban shekarar ya ji mummunan rauni a gwiwa yana buga wa Gana wasa da Angola, ya rasa sauran kakar. Ko wanda ya iso, ke nan, jijiya ɗaya ce tsakaninsa da zaman gida.

6.0 Abin da mai bibiya ke dubawa

Masu wannan harka a Tamale ba su da maki 20 zuwa 80, amma suna da nasu ma'auni, kuma na farko shi ne shekaru. Yaron da ya gagari 'yan shekara 15 alhali shi 19 gare shi ba gwani ba ne, babba ne a cikin yara. A yankin da ba kowace haihuwa ake rubutawa ba, rage shekaru abu ne mai sauƙi, har mutanen Gana suna da abin da suke kira "shekarun ƙwallo" dabam da na haihuwa. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, FIFA ke amfani da na'urar hoton cikin jiki tana duba ƙashin wuyan hannu, domin akwai wata gaɓa a wurin da ke haɗewa idan girma ya kammala. A 2014 an cire Gana daga gasar Afirka ta wannan rukuni bisa wannan gwaji. Gwajin ba ma'asumi ba ne, yakan kama yaron da jikinsa ya yi saurin girma, amma ya rage ɓarna. Tsofaffin unguwa suna da nasu gwajin da ya riga na'ura: su tambayi da wa aka yi wa yaron kaciya, ko da wa ya shiga makarantar allo.

Na biyu shi ne minti nawa yake bugawa, kuma da su wa. Sunan ƙungiya yana ruɗin iyaye. Dominic Adiyiah ya ci ƙwallaye 8 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a Masar a 2009, Gana ta ɗauki kofin, shi kuma ya zama gwarzon gasar. AC Milan ta saye shi, bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba, aka yi ta ba da shi aro daga wannan ƙasa zuwa waccan. Kafin shi an ga Nii Odartey Lamptey, gwarzon gasar 'yan ƙasa da 17 ta 1991, wanda aka ɗora wa fatan da ya fi ƙarfin kowane yaro. Idan aka kwatanta da Waris, wanda ya fara daga ƙaramar ƙungiya a Suwidin inda ake sa shi wasa kowane mako, za a ga abin da ake nufi. A wurina, labarin cewa yaro ya buga wasa 25 a mataki na biyu a Beljiyam ya fi labarin cewa ya ɗauki hoto da rigar babbar ƙungiya.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne kati. Duk yaron da ke buga gasar da hukuma ta sani yana da rajista, kuma wannan rajista dukiya ce. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: an sayar da ɗan wasa yuro miliyan 10. Rabon masu reno yuro 500,000 ne. Kocin unguwar da ya riƙe shi shekara huɗu na farko, ƙungiyarsa tana da yuro 100,000, kuɗin da zai sayi fili ya kewaye shi. Amma sai idan sunan yaron yana rubuce a ƙarƙashin ƙungiyar a kundin hukuma. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Faris da ke bin tarihin rajistar kowane ɗan wasa ta kwamfuta yana raba irin waɗannan kuɗaɗe. Abin da ba a rubuta ba, ofishin bai san da shi ba. Mutumin da ya ciyar da yaro shekara huɗu bai yi masa kati ba, sai dai a gode masa a hira da 'yan jarida. Wannan ne ya sa ake rigima kan kati a ƙananan ƙungiyoyi fiye da yadda ake yi kan fenareti, shi ne kuma dalilin yawan kalmomin kasuwa da muka gani a sashe na biyu.

Inda kuɗi suke, dillalai na nan. Akwai na gaske masu lasisi, akwai kuma waɗanda ke zuwa da takardar gayyata ta bogi, su karɓi kuɗin jirgi da na biza daga iyaye, wani ya sayar da shanu ko fili, a kai yaro wata ƙasa a bar shi a ɗakin otal. Ƙa'idar da masu harkar ke faɗa wa iyaye gajeriya ce: ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin tafiyarsa.

7.0 'Yan mata

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi 'yan mata, sai dai tsaninsu ya fi gajarta, masu kallonsu kuma sun fi ƙaranci. Tamale tana da ƙungiyoyin mata da suka buga babbar gasar ƙasa, irin su Northern Ladies da Pearl Pia Ladies. Daga Northern Ladies ne Mukarama Abdulai ta fito. A gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Yurugwai a 2018 ta ci ƙwallaye 7, ta fi kowa, aka ba ta takalmin zinariya, aka kuma sa ta ta uku cikin gwanayen gasar baki ɗaya. Da namiji ne ya yi haka, da dillalai sun cika ƙofar gidansu kafin jirgi ya sauka. Ita sai a 2021 ta samu tafiya Alavés ta Sifen.

Ga ɗalibin harshe akwai wani abin lura a nan. Hausar Gana, wadda ake kira Gananci, ta zubar da bambancin jinsi a mafi yawan wurare, don haka a bakin fili a Tamale za ka iya jin an ce "yarinyan nan ya iya ƙwallo", inda Bakano zai ce "yarinyar nan ta iya ƙwallo". Wanda ya je da Hausar littafi kada ya yi saurin gyara wa mutane, haka karin yake. Idan yana rubuta abin da ya ji, ya rubuta shi yadda aka faɗa, sannan ya kawo daidaitacciyar Hausa a gefe.